Lauya

lauyà (lau-yà: sama-ƙasa) *sn., nm./mc.*, *jm.* lauyōyī. Aro daga Ingilishi.

1. Masanin doka da ya kammala Makarantar Horar da Lauyoyi (Kano na da reshenta a Bagauda), aka sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, mai tsaya wa mutum a kotu. *Ɗauki ~*: yi yarjejeniya da shi kan kuɗin aiki. *Kafin ka ɗauki ~, duba hatiminsa na Ƙungiyar Lauyoyi, a kuma rubuta kuɗin a takarda.*

2. *~ mai zaman kansa*: wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, ana iya ɗaukarsa don ƙarar hukuma, musamman kan ƙasa, wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa gwamna amana. *Hanya ta ci gonar Baba a Rijiyar Zaki, ~ ya ce a bi diyyar amfanin gona da gini.*

3. *~n gwamnati*: ma'aikacin Ma'aikatar Shari'a, gwamnati yake karewa, mai ƙara ya nemi nasa.

4. *~n agaji*: na kyauta ga marar hali, daga Hukumar Agajin Shari'a (kafuwa 1976).

5. *Babban ~*: mai lambar SAN, tsadarsa ta fi ƙarfin manomi.

*Dangogi:* lauyancì *sn., nm.* aikin lauya. *Dubi:* alƙali, diyya, ƙara.