Daga Fayil Guda Zuwa Neman Izinin Google

Yaran da ke shigowa sana'armu ta rubuta ƙananan manhajoji masu karanta imel su sarrafa shi, da wuya su yarda cewa an yi lokacin da duk wasiƙun mutum ke jibge a fayil ɗaya tak, a kan injin da yake aiki. Haka abin yake a kwamfutocin Unix. Manhajar sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Berkeley ta Amurka, takan karɓi saƙo, a liƙa shi a ƙarshen fayil ɗin. Sunan tsarin mbox. Abin da ke raba wasiƙa da 'yar'uwarta layi ne da ya fara da "From" da tazara, shi ke nan. To in mai aiko wasiƙa ya fara wani layi da wannan kalma a tsakiyar zancensa fa? Sai manhajarka ta raba saƙon biyu. Aka yi dabarar maƙala alamar > a gabanta, shi ya sa har gobe ake cin karo da ">From" a tsofaffin wasiƙu.

Duk da haka, a lokacin mai rubuta manhaja shi ne mai gida. Layi ɗaya zai sa a fayil ɗin .forward, duk saƙon da ya iso ya zarce kai tsaye hannun manhajarsa. A 1990 Stephen van den Berg ya fito da procmail mai tace wasiƙu tun a bakin ƙofa, kodayake ƙa'idojinta sai wanda ya rubuta su ke ganewa, shi ma na ɗan lokaci. Babban abin tsoro shi ne sabon saƙo ya iso kana tsakiyar gyara fayil: hannu biyu a takarda ɗaya, wasiƙu su dagule. Daniel Bernstein ne ya kashe wannan wutar a tsakiyar shekarun 1990 da tsarin Maildir na manhajarsa qmail, inda kowace wasiƙa ke da fayil nata. A rubuta ta a folda tmp, in ta kammala a matsar da ita new, in an gani ta koma cur.

Da mutane suka koma kwamfutocin kansu, wasiƙu suka zauna can a sabar, dole aka nemi hanyar ɗauko su. Joyce Reynolds ta wallafa ƙa'idar POP a 1984, POP3 ta biyo a 1988. Ba ta da wahala: shiga, ƙirga, kwashe, goge. Mark Crispin kuwa ya tsara IMAP a Stanford a 1986 da wani tunani dabam, wato wasiƙa ta zauna a sabar, kai dai ka leƙa ka yi aikinka.

A IMAP ne aka fi gwada gwanintar mutum. Kowace wasiƙa lamba biyu gare ta, ta jeri da ta dindindin da ake kira UID. In ka share wasiƙa ta uku, ta huɗu ta zama ta uku nan take. Manhajar da ke bin lambar jeri tana goge-goge, sai ta share abin da ba a aike ta ba, mai akwati kuma ya zo yana salati. Haka nan in ka ɗauko saƙo da umarnin BODY maimakon BODY.PEEK, sabar za ta yi masa alamar an karanta, mai shi ya wuce takardar da ko kallonta bai yi ba. A ganina wanda bai san waɗannan biyun ba, bai kamata a ba shi akwatin kowa ba.

Sai MIME, da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka kawo a 1992 don imel ya iya ɗaukar hoto da haruffan da ba na Ingilishi ba. Mu masu haruffa masu lanƙwasa mun san zafin wannan. Harafin ƙ yakan yi tafiya a matsayin =C6=99, in manhaja ba ta warware shi daidai ba, "ƙasa" ta fito kamar zanen kaza.

A 2022 aka ƙarasa mayar da mu baƙi. Google ta rufe shiga akwatunan Gmail na jama'a da suna da kalmar sirri ta yau da kullum ga irin manhajojinmu a ƙarshen Mayu, Microsoft ta soma yin haka a Exchange Online daga 1 ga Oktoba. Yanzu sai ka yi wa manhajarka rajista, ka karɓo izini na OAuth, ka yi ta sabunta shi. Ban ga laifinsu ba, don kalmomin sirri da aka bari tsirara a cikin manhajoji sun jawo ɓarna. Amma aikin layi goma ya koma na yini guda. A 2024 ma PHP ta cire kayan IMAP daga ainihin harshen, domin tsohuwar laburaren Crispin da suka dogara da ita ta rasa mai kula. Shi Crispin ya rasu tun 2012.

An wallafa JMAP a 2019 don ta gaji IMAP, kamfanin Fastmail na gaba-gaba, sai dai manyan kamfanonin ba su bi ba, kowa ya riƙe hanyarsa. Don haka kai mai koyo, fara da IMAP. Buɗe imaplib ta Python, ka gwada a akwatin da ba na kowa ba, kuma kada ka taɓa umarnin EXPUNGE mai share wasiƙu kwata-kwata sai ka ajiye kwafi.