Dokin Ƙarfen Iyayenmu

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan cikin 1916, cinikin goro da shanu ne ya riƙe mu a nan Kurmi. Da keke ya yawaita, sai ya zama ƙafar ɗan kasuwa. Da yawanmu mun tashi mun tarar da Raleigh, ƙirar Ingila, jingine a zaure. A kansa iyayenmu kan tafi kasuwa, su ɗauro kaya a baya su dawo. Ba ruwansa da fetur, daga iska sai faci.

Sai ga kuɗin Udoji a 1975. Ma'aikata suka koma babur da mota, mu ma muka bi sahu, har hawan keke ya zama abin kunya.

To, da aka janye tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya fara cinye ribar yini. Gaskiya ne tituna sun cika da motoci, ga hawa da gangaren Ibadan. Amma zuwa masallaci, makaranta ko shago nan kusa fa? Jama'a, abin da ya ciyar da iyayenmu bai kamata mu raina shi ba.