Hanyar Yuraniyom da Jigilar Manyan Injuna zuwa Arlit

A shekarar 1957 ne masu binciken ƙasa na Faransa, waɗanda suka fito neman jan ƙarfe, suka ci karo da alamun yuraniyom a Azelik, yamma da duwatsun Abzin. Bayan shekara 11 aka kafa kamfanin SOMAÏR, ya kuma fara fitar da ma'adinin a 1971. Littattafan tarihi sukan ambaci waɗannan shekaru su wuce, ba su cika tsayawa kan wata tambaya ba: ta ƙaƙa katafila da injunan niƙa dutse da manyan janareto suka kai wurin da, a wancan zamani, babu gari, babu guduro, babu dogo?

Amsar tana farawa daga bakin teku. A tashar Kwatano ake sauke kaya, jirgin ƙasa ya ɗauke su kilomita 438 zuwa Faraku, inda dogo ya ƙare tun 1936 bai kuma ƙara gaba ba. Daga nan sai kamiyo: a haye Kwara ta gadar Gaya, a bi Doso, Birnin Ƙwanni, Tawa, Agadas, sannan Arlit. Tafiya ce ta kusan kilomita 2,000, wadda kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, ya ɗauki kaso mai yawa na wahalarta. Motocin kan hau arewa da injuna da mai da farar wuta, wadda ake haɗa ruwan asid da ita don narkar da dutsen, su gangaro da gangunan garin yuraniyom.

Ba kowace ramok ke ɗaukar katafila ba. Akwai irin tata, mai shimfiɗaɗɗen baya dab da ƙasa, da jerin ƙafafu da yawa. Gajartar tana da dalili biyu: kada kaya su taɓa waya ko wani abu da ke bisa hanya, kuma kada nauyi ya taru sama motar ta kife a kwana. Yawan ƙafafun kuwa don a rarraba nauyin ne. Injin mai sarƙa yakan hau da kansa ta kan matakalar ƙarfe, a hankali, wani yana gaba yana yi wa direba nuni da hannu, domin kaucewar taƙi guda ta isa ta jefar da shi. In ya daidaita a tsakiya sai a kafe shi da katako, a ɗaure da sarƙoƙi ta kusurwa huɗu, bayan ƴar tafiya kuma a tsaya a sake tsuke su, don girgizar hanya tana sassauta ɗauri. Abin da ya fi ƙarfin ramok guda, kamar manyan motocin kwasar dutse, warware shi ake yi: bokiti daban, tayoyi daban, gangar jiki daban, a haɗa a can. Wannan sani ne da ba a lakol aka koye shi ba, aparanti ke gadonsa daga maigidansa, abin takaici kuma ba a damu da rubuta shi ba.

Arewa da Tawa ne aikin ke tsananta. Tsohuwar hanya ta Ingal yashi ce da rani, laka ce da damina, mota mai nauyi kuwa in ta kafe sai da shebur da faifan ƙarfe da haƙuri. Da aka kafa COMINAK a 1974, da SONICHAR mai gawayin Anu Araren a 1975, ya bayyana cewa turbar ba za ta ɗauki abin da ke tafe ba. Tsakanin 1976 da 1980, zamanin mulkin Saini Kunce, aka shimfiɗa guduro daga Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, da kuɗin kamfanonin ma'adinan. Sabuwar hanyar ta bi ta Abalak ta bar Ingal a gefe. Garin da ayari da motoci suka saba yada zango a cikinsa ya ga kasuwarsa ta ja baya, alhali ba wanda ya yi nufinsa da sharri.

Nauyin da ya sa aka yi hanyar shi ne kuma ya cinye ta. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan jerin ƙafa guda ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa kimanin sau 16. Ke nan ramok mai ƙafafu da yawa ɗauke da katafila tana iya fin sauƙi ga guduro bisa kamiyon ɗan kasuwa da aka labta wa siminti fiye da kima. Shi ya sa a 2005 ƙasashen UEMOA suka ƙayyade tan 11.5 ga jerin ƙafa guda. Doka ce mai kyau, amma an daɗe ana ɗage aiki da ita, hanyar Arlit kuwa ta farfashe har direbobi suka riƙa sauka suna bin gefenta.

An sake ganin irin wannan ayari lokacin da kamfanin CNPC na Sin ya gina matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, da kuma lokacin shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar Binin. COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 aka rufe gadar Gaya, manyan motocin Nijar suka koma ɗauko kaya daga Lome suna ratsowa ta Burkina Faso da rakiyar sojoji.