Tushen almara a littattafan Tolkien

Tushen almara a littattafan Tolkien na nufin tsoffin waƙoƙi da hikayoyin Turai waɗanda marubucin Ingila J. R. R. Tolkien (3 ga Janairu 1892 zuwa 2 ga Satumba 1973) ya ɗebo sunaye da jigogi daga cikinsu wajen gina duniyar da ya ƙirƙira. Labaran wannan duniya suna cikin littattafansa The Hobbit (1937), The Lord of the Rings (1954 zuwa 1955) da The Silmarillion, wanda ɗansa Christopher ya shirya ya fitar a shekarar 1977. Tolkien farfesa ne na tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1945, kuma yana karanta tsoffin rubuce-rubucen arewacin Turai a harsunansu na asali. A wata wasiƙa da ya aika wa Milton Waldman a 1951, ya nuna takaicinsa cewa Ingila ba ta da nata tarin almara irin na Girka ko Finlan, kuma ya taɓa yin burin cike wannan giɓi.

Tsohon Ingilishi da Beowulf

Sunan Middle-earth ya fito ne daga kalmar tsohon Ingilishi middangeard, wato duniyar da 'yan Adam ke zaune a cikinta. Takwararta a almarar Sikandinebiya ita ce Midgard. Saboda haka Tolkien ya riƙa bayyana cewa labaransa a wannan duniya tamu suka faru, a wani zamani na da da ya ƙaga, ba a wata duniya dabam ba.

Farkon abin da ya tsiro a cikin almararsa shi ne sunan Earendel, wanda ya ci karo da shi a wata waƙar addini ta tsohon Ingilishi mai suna Crist. A 1914 ya rubuta waƙa a kan wani matuƙin jirgin ruwa mai wannan suna, wanda daga baya ya zama Eärendil, mai ɗauke da dutse mai haske a sararin sama. A almarar Sikandinebiya ma akwai Aurvandil, wanda Thor ya jefa ɗan yatsan ƙafarsa sama ya zama tauraro.

Waƙar Beowulf ita ce ta fi kowace tasiri a kansa. Ya fassara ta a 1926, ko da yake ba a buga fassarar ba sai 2014, kuma laccar da ya gabatar a kanta a 1936 ta sauya yadda masana ke kallon waƙar. A ƙarshen Beowulf wani mutum ya saci kofi daga taskar wani dodon maciji, dodon ya farka ya ƙone ƙasar. Haka Bilbo ya yi wa Smaug a The Hobbit, abin da ya kai ga ƙone garin da ke kan tafki. Kalmar orc tana da alaƙa da orcneas, wasu miyagun halittu da aka ambata a Beowulf, ent kuwa na nufin ƙato a tsohon Ingilishi. Mutanen Rohan ma sunayensu na wannan harshe ne: Théoden na nufin sarki, fadarsa Meduseld kuma na nufin zauren shan giyar zuma.

Almarar Sikandinebiya

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan almara ya zo ne daga rubuce-rubucen Ayislan na ƙarni na 13: littafin Edda na Snorri Sturluson, wanda aka rubuta wajen 1220, da tarin waƙoƙin Edda da ke cikin kundin Codex Regius na wajen 1270.

A waƙar Völuspá akwai jerin sunayen wadanni, kuma daga nan Tolkien ya ɗauko kusan duk sunayen wadannin The Hobbit, irin su Thorin, Dwalin, Fili, Kili, Bifur, Bofur da Bombur. Balin ba ya cikin jerin. Sunan Gandalf ma yana cikin wannan jeri a matsayin sunan wada, kuma ana fassara shi da Elf mai sanda. A rubutun farko na The Hobbit shugaban wadanni ne ke da sunan Gandalf, mai sihirin kuwa Bladorthin ake kiransa, kafin Tolkien ya sauya. Siffar Gandalf ta tsoho matafiyi mai gemu da sanda da faffaɗar hula ta yi daidai da yadda Odin ke ɓad da kama yana yawo cikin mutane, kuma Tolkien da kansa ya ambaci wannan kamanni a wata wasiƙa ta 1946.

Gasar kacici-kacici tsakanin Bilbo da Gollum tana da magabata. A waƙar Vafthrúdnismál da kuma hikayar Hervör, Odin ya yi irin wannan gasa, kuma ya ci nasara da tambayar ƙarshe wadda babu wanda ya san amsarta sai shi, kamar yadda Bilbo ya tambayi abin da ke aljihunsa. Ƙattin dodannin da Gandalf ya shagaltar da su da gardama har rana ta fito suka zama duwatsu suna tuna da waƙar Alvíssmál, inda Thor ya tsare wani wada da tambayoyi har gari ya waye. Dajin Mirkwood kuma ya samo sunansa daga Myrkvid, baƙin dajin da ke cikin waƙoƙin Edda.

Zobe da takobi

A hikayar Völsunga, Loki ya ƙwace zinariya da zobe daga wada Andvari, shi kuma ya tsine wa duk wanda zai mallake su. Fafnir ya kashe mahaifinsa saboda dukiyar, ya rikiɗa ya zama dodon maciji. Jarumi Sigurd ya kashe shi da takobin Gram, wanda ya karye a hannun mahaifinsa aka sake ƙera shi. Ana ganin inuwar wannan labari a Gollum, wanda ya kashe ɗan'uwansa Déagol saboda zobe, da kuma takobin Narsil da aka sake ƙerawa don Aragorn aka sa masa suna Andúril. Zoben da ke ɓatar da mai sanye da shi daga idon mutane kuwa ya bayyana tun a littafin Jamhuriya na Plato, a labarin Gyges, inda ake tambaya ko mutum zai ci gaba da adalci idan ya san ba a ganinsa.

Masu sharhi sun sha kwatanta The Lord of the Rings da wasannin kiɗan Richard Wagner na Jamus, waɗanda su ma a kan zobe suke. Tolkien ya yi watsi da wannan kwatanci, yana mai cewa kamannin bai wuce kasancewar zobban biyu a zagaye ba. Wasu masana na ganin tushe ɗaya su biyun suka sha, wasu kuma na ganin ra'ayin zoben da ke ba da mulkin duniya ya fi kusa da na Wagner fiye da na tsoffin hikayoyin.

Kalevala da harsuna

Kalevala tarin waƙoƙin gargajiyar Finlan ne da Elias Lönnrot ya haɗa ya buga a 1835, ya faɗaɗa a 1849. Tolkien ya karanta shi tun yana matashi, kuma a 1914 ya fara sake rubuta labarin Kullervo, maraya wanda ya sadu da ƙanwarsa ba tare da sun san juna ba, daga ƙarshe ya yi magana da takobinsa ya kashe kansa da shi. Wannan ne ya zama ginshiƙin labarin Túrin Turambar, wanda aka buga cikakke a The Children of Húrin a 2007. Harshen Finlan ya yi tasiri a kan Quenya, ɗaya daga harsunan Elf da ya ƙirƙira, harshen Welsh kuma a kan Sindarin.

Girka, Wales da addini

Tsibirin Númenor, wanda teku ya haɗiye saboda girman kan mutanensa, sabon salo ne na labarin Atlantis da Plato ya kawo. Tolkien ya ce ya daɗe yana mafarkin wata ƙatuwar igiyar ruwa tana rufe ƙasa, kuma ya ba Faramir wannan mafarki a cikin littafinsa. Labarin Beren da Lúthien ya haɗa jigogi da yawa: uban da ya gindaya sadaki mai wuyar samu, kamar a hikayar Culhwch da Olwen ta Wales, kerkecin da ya cije hannun jarumi, kamar yadda Fenrir ya yi wa Týr, da waƙar da ta tausasa zuciyar mai tsaron matattu, kamar ta Orpheus, sai dai a nan mace ce ta je neman mijinta. An rubuta sunayen Beren da Lúthien a kan kabarin Tolkien da matarsa Edith a maƙabartar Wolvercote da ke Oxford.

Duk da cewa Valar sun yi kama da allolin Girka da na Sikandinebiya, a tsarin Tolkien halittu ne da ke ƙarƙashin mahalicci ɗaya, Eru Ilúvatar, kuma Melkor shi ne wanda ya yi tawaye saboda girman kai. Tolkien ɗan ɗarikar Katolika ne, kuma a wata wasiƙa ta 1953 ya bayyana The Lord of the Rings a matsayin aiki mai tushen addini. An hallaka zoben ne ranar 25 ga Maris, ranar da al'adar Kiristocin da ta ɗauka a matsayin ranar gicciye Yesu.

Tasiri

Ba komai Tolkien ya aro ba. Halittun Hobbit nasa ne, kuma ya ce ya fara rubuta kalmar ne a wani shafi da ɗalibi ya bari fanko lokacin da yake duba takardun jarrabawa. Yadda ya siffanta Elf da wadanni da Orc ya zama abin koyi ga marubutan da suka biyo baya, da wasan Dungeons & Dragons wanda ya fito a 1974. Fina-finai uku na Peter Jackson (2001 zuwa 2003) sun ƙara yaɗa labarin, inda na ƙarshensu ya lashe kyautar Oscar 11.