Mudan: Saiwar da Ta Riga Furenta Yin Suna

A shekarar 1972 aka tono wani tsohon kabari a Wuwei, a lardin Gansu na ƙasar Sin, aka iske 'yan allunan katako na zamanin daular Han ɗauke da rubutun magunguna. Cikinsu akwai haɗin warware daskararren jini, kuma an ambaci mudan, wani ɗan itace da Sinawa a yau suke wa kirari da sarkin furanni. Masu magani na wancan zamani saiwarsa suke nema.

Ɓawon saiwar, mudanpi, shi ne maganin. Sai itacen ya shekara uku zuwa biyar ake haƙo saiwar da kaka, a tsaga ta, a zare itacen da ke tsakiya, a shanya ɓawon har ya naɗe kamar kirfa. A fahimtar likitocin gargajiya na Sin, yana sanyaya jinin da ya yi zafi, yana kuma motsa wanda ya tsaya, shi ya sa suke gargaɗin mai juna biyu a kansa.

Zhang Zhongjing, babban likitan ƙarshen daular Han, ya haɗa shi da saiwar dahuang don maganin ƙurjin hanji. Daga baya Qian Yi, likitan yara na daular Song, ya ɗauki wani haɗin Zhang mai sinadari takwas, ya cire biyu masu zafi, ya bar mudanpi cikin shidan. Haɗin ya fito a wani littafi da aka tattara a 1119, kuma har yau ana sayar da ƙwayoyinsa da sunan Liuwei Dihuang Wan.

Furen bai yi tashe ba sai a daular Tang, lokacin da attajirai suka shiga gasar mallakarsa. Zuwa 1034 har marubuci Ouyang Xiu ya rubuta littafi a kan nau'o'insa na birnin Luoyang.

Adon furen bai burge masanin magunguna Li Shizhen ba, kuma yana da hujja. A kundinsa Bencao Gangmu na 1596 ya ce mai fure ja ko fari marar ninki kaɗai ya cancanci shiga magani. Masu tarin ninki, in ji shi, dabarar masu lambu ce, ƙarfinsu ya gurɓata. Ɓawon da ya fi daraja a kasuwa shi ne Fengdan na dutsen Fenghuang a Tongling, lardin Anhui, wanda furensa fari ne marar ƙawa.