Tarihin Tiyatar Kunnen Ciki

Kunnen ciki, mai kula da ji da daidaita tsayuwar mutum, yana binne a ƙashin da ya fi tauri a ƙoƙon kai, shi ya sa wuƙar likita ta daɗe ba ta kai gare shi ba. Sai a 1861 Prosper Ménière, wani likita a Faris, ya nuna cewa hajijiya kan taso daga kunne, a lokacin da ake ɗora laifinta kan ƙwaƙwalwa. A 1921 Carl-Olof Nylén na Suwidin ya fara yi wa kunne aiki ƙarƙashin madubi mai girmama ƙananan abubuwa, hanya ta buɗe.

Tsakanin kunnen tsakiya da na ciki akwai 'yan tagogi biyu da siririyar fata ta toshe. Faɗuwa daga babur, ko mari, ko naushin ɗan dambe, na iya yaga su. Ruwan kunnen ciki ya riƙa yoyo, mutum ya ji ƙasa na juyawa, kunne na ƙugi, ji na raguwa, tari ko ɗaukar kaya mai nauyi kuma ya ƙara tsananta abin. Likita Fee ya bayyana irin wannan rauni a 1968, Victor Goodhill kuma ya yi bayanin yadda yake aukuwa a 1971. Wajen magani, akan fara da kwanciya, kai a ɗage. In abin ya ƙi, likita ya bi ta ramin kunne, ya ɗaga dodon kunne, ya liƙe ɓular da ɗan kitse ko tantanin nama daga jikin majinyacin. Hajijiya ta fi saurin tafiya. Ji kuwa ba kullum yake dawowa ba. Gane ɓular ma aiki ne, har yau likitoci na jayayya kan wanda ya cancanci a yi wa.

Wanda jinsa ya mutu ɗungurum, sai dashen na'urar ji, wadda William House ya gwada a 1961, Graeme Clark ya inganta a Ostareliya a 1978. Tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

A ƙasar Hausa, Nijeriya ta kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999. Amma a Nijar, manomin Tabotaki, ko na ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, tsakaninsa da ƙwararren likitan kunne tafiya ce mai nisa, ga kuɗin mota, ga na jinya. Abin baƙin ciki, sau da yawa akan ce iska ce, a shiga turare da rubutu har kunnen ya tafi. Duk wanda ya bugu a ka, jiri da kurumta suka biyo baya, a gaggauta kai shi asibiti, kada a ɗiga masa komai a kunne.