Lakwaja, Garin da ke Tsakanin Dutse da Ruwa

In kun buɗe taswirar Nijeriya, ku 'yan makaranta, za ku ga manyan koguna biyu, Kwara daga yamma, Binuwai daga gabas, sun haɗu sun zama ɗaya, kana suka nufi teku. Daidai mahaɗar nan, a gaɓar yamma, akwai wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, ana ce da shi Patti, watau tudu da Nufanci. A gindinsa Lakwaja ta ke. Dutse na bayanta, ruwa na gabanta, filin da ya rage mata ɗan siriri ne. Mu a ganinmu ba don noma aka zauna wurin nan ba, sai don hanya, kuma arzikin garin bin hanya ya yi ta yi, in ta zo ya zo, in ta kauce ya kauce.

Tun kafin zuwan Turawa akwai mutanen Oworo bisa tuddai, Kakanda da Nufawa suna tuƙa jirage, fataken Hausa kuwa suna ratsowa da hajja. A 1841 Ingilishi suka aiko da jiragen ruwa uku don su hana cinikin bayi. Suka sayi fili wajen Atta, Sarkin Igala, suka kafa gona don a gwada noman auduga. Ba su san sauro ke kawo zazzaɓi ba. Cikin Turawa 145 fiye da 40 suka mutu, gona ta watse. Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba, gama cikinsu akwai wani malamin mishan, sunansa Schön, wanda ya yi ta tattara kalmomin Hausa har ya buga su a littafi a 1843.

Wanda ya kafa garin sosai wani likita ne, Baikie. A 1854 ya hau Binuwai da jirgi, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya komo ba wanda ya rasu. Da ya sake zuwa a 1857 jirginsa ya fashe a kan dutse kusa da Jebba. Wani da sai ya koma gida. Shi kuwa wajen 1860 ya sauka a gindin Patti, da yardar Masaba, Etsu Nupe, domin a zamanin nan ikon Bida ya kai har mahaɗa. Ya buɗe kasuwa, ya fanshi bayi ya zaunar da su, shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malami. Ya iya Hausa har ya tafi Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864, bisa hanyarsa ta komawa gida. Shekara guda bayan haka mutanen Bishop Crowther suka buɗe makaranta, wadda a kan ce ita ce farkon makarantar boko a Arewa.

Daga nan sai ciniki ya buɗe. Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki a 1886, ya gina rumbuna a bakin ruwa, aka girke soja. Ran 1 ga Janairu 1900, a nan Lakwaja, aka sauke tutar Kamfani aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama shugaban Jihar Arewa. To, amma bai daɗe ba, ya koma Jebba, a 1902 kuma ya zarce Zungeru. Abin da aka bar wa Lakwaja shi ne ta zama wurin tsare sarakunan da aka tuɓe. Nan aka kawo Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926. Kaburburansu na nan. Ku dubi wannan al'amari: mutumin da ya hau doki dubbai na bin sa, ga shi ya ƙare kwanansa yana kallon ruwa a ƙasar da ba tasa ba.

Abin da ya fi karya garin jirgin ƙasa ne. A 1911 reluwe ya isa Kano. Hanyar Ikko ta ƙetare Kwara a Jebba, ta gabas ta ƙetare Binuwai a Makurɗi, duka biyu suka bar Lakwaja a tsakiya. Gyaɗa da fata da auduga suka bi dogo, gama jirgin ƙasa ba ya jiran damina, manyan jiragen ruwa kuwa sai kogi ya cika su ke hawa. Lakwaja ta zauna shiru, hedkwatar Lardin Kabba kurum.

Mota ta farfaɗo da ita. Da aka yi gada bisa Kwara a Jamata, arewa da garin, aka kuma mai da gwamnati Abuja, sai ya zama mai zuwa daga kudu da wuya ya ƙi bi ta Lakwaja. A 1991 aka yanke sabuwar jiha, aka sa mata suna da Hausa, Kogi, Lakwaja ce babban birninta. Ma'aikata suka kwararo, gidaje suka yi ta tsira.

Sai dai fili bai ƙaru ba. Masu hali suka hau gangaren dutse, talakawa suka gangara fadama, inda mutanen dā ba su yarda su kwana ba. A 2012 kogunan nan biyu suka cika suka batse, ruwa ya ci unguwanni, ya yanke hanyar Abuja, motoci suka yi kwanaki a tsaye, har aka koma ƙetarar da matafiya da kwalekwale. A 2022 ya sake yin haka.